Kwana ɗaya a Nikiya, garin da sarkin yaƙi ya tara limamai

Tun ina ɗan shekara tara nake miƙewa tsaye a coci ranar Lahadi a Wusasa, in bi manya muna karanta Shaidar Bangaskiya ta Nikiya da ka. Sai da na girma na fara koyar da tarihi na san cewa Nikiya gari ne, yana nan har yau a ƙasar Turkiyya, ana kiransa Iznik. Don haka ranar da maƙwabcina Alhaji, wanda ke zuwa Santambul sau biyu a shekara saro takalma da jakunkuna, ya ce in raka shi in ga duniya, sharaɗi ɗaya na kafa masa. Na ce, "Alhaji, duk kasuwar da za ka shiga zan bi ka, amma kwana ɗaya nawa ne, kai za ka bi ni." Ya ce, "Malam, an gama."

Kwana uku muka yi a Laleli, daga wannan shago zuwa wancan, muna ratsa masu tura kaya da masu naɗe dila, kana jin Hausa jefi-jefi a bakin ofisoshin kago. Rana ta huɗu, da Alhaji ya idar da sallar asuba, muka gangara da ƙafa zuwa tashar jirgin ruwa ta Yenikapi, muka shiga mai zuwa Yalova.

Da jirgi ya bar gaɓa na ja shi gefen hagu na nuna masa tsallaken Asiya, wajen Uskudar. A nan ne, a watan Satumba na shekarar 324, Kustantin ya karya rundunar Lisiniyus, ya zama shi kaɗai ke riƙe da daular Rumawa gabas da yamma. Shekara goma sha takwas ya yi yana neman wannan rana, tun 306 da sojojin ubansa suka naɗa shi a Birtaniya. Lisiniyus kuwa ba bare ba ne, mijin ƙanwarsa ne. Ta roƙa masa rai, aka yi mata alkawari, aka kai shi Tasalonika, shekara na zagayowa aka kashe shi. Na faɗa wa Alhaji wannan tun da wuri don ya san irin mutumin da za mu je ganin aikinsa: gwanin yaƙi ne mai dogon hange, kuma hannunsa da jini, har na ɗansa Kirisfus da ya sa aka kashe a 326, wanda shi ne ya jagoranci jiragen ruwan da suka buɗe masa hanyar wannan nasara.

Wanda ya fito daga yaƙin basasa ba abin da yake tsoro kamar sabuwar ɓaraka. Kustantin ya sa rai cocin Kirista, mai bishop a kowane babban gari, zai zame masa zaren da zai ɗinke daular. Yana shigowa gabas ya tarar zaren ne ma ke tsinkewa. A Iskandariyya ta Masar wani limami mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan Allah yana da mafari, akwai lokacin da babu shi, Uba ne ya halicce shi kafin komai. Bishop ɗinsa, Iskandar, ya ce atafau, Ɗan madawwami ne kamar Uba. Magana ta fita daga hannun malamai ta shiga kasuwa da bakin teku, garuruwa suka rarrabu. Masar kuwa ita ce rumbun alkamar daula, ba wurin da sarki zai naɗe hannu yana kallon hayaniya ba ne. Da fari ya aika musu da wasiƙa ta hannun Hosiyus bishop ɗin Kordoba, yana cewa abin da suke jayayya a kai ƙaramin abu ne, su yi sulhu su bar shi ya samu barci. Soja ne, bai gane cewa ga mutanen nan ba abin da ya fi wannan tambaya girma ba. Wasiƙa ba ta yi aiki ba, sai ya kira taron bishop-bishop a Nikiya a 325.

Daga Yalova muka shiga ƙaramar bas, ta hau tudu ta sauka Orhangazi, sannan tafki ya bayyana. Kusan awa guda muna tafe, ruwa a gefe ɗaya, gonakin zaitun a ɗaya gefen har gindin duwatsu. Alhaji, da bai taɓa ganin Turkiyya ba sai shaguna, ya yi ta tasbihi.

Iznik ƙaramin gari ne, shiru, taraktoci na ratsa tsakiyarsa. Tsohuwar ganuwa ta kusa kilomita 5 ta kewaye shi, dutse da jan bulo, ba irin tamu ta Zazzau da damina ke ci ba. Manyan tituna biyu suka gitta juna a tsakiya, kowanne ya nufi ƙofa. Muka tsaya a Ƙofar Santambul, wadda a gaskiya ƙofofi uku ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowace daga zamani daban. Garin ya sha kewaye: Larabawa a 727, mayaƙan Salibiyya a 1097, Usmaniyawa har suka karɓe shi a 1331. Duk wanda ya riƙe shi sai ya ƙara wa ganuwar wani abu.

Ni dai bakin tafki nake so. Fadar da aka yi taron 325 babu ita yau, sai wasu duwatsu da mutanen gari ke nunawa a gaɓa. Can gaba kaɗan akwai harsashin wani tsohon coci da aka gano a ƙarƙashin ruwa a 2014 ta hoton da aka ɗauka daga sama, kuma da ruwan ya ja baya ana hango layin bangonsa. Na tsaya a wurin na daɗe ban ce uffan ba.

Abin da ya cika mini zuciya shi ne mutanen da suka zo. Shekara ashirin da biyu kacal kafin taron, a 303, daga Nikomidiya, wato Izmit ta yau da ke bayan duwatsun arewa, sarki Diyokletiyan ya ba da umarni a rushe coci-coci a ƙone littattafai. Cikin bishop-bishop da suka hallara a Nikiya akwai waɗanda aka ƙwaƙule wa ido, akwai waɗanda aka tsinke wa jijiyar ƙafa aka jefa su haƙar ma'adinai. Yanzu gwamnatin da ta yi musu haka ita ce ta aiko musu da abin hawa, ta ɗauki nauyin ci da shansu. Al'adar coci ta ce su 318 ne, wani da ya halarta ya ce sun haura 250. Galibinsu daga gabas suke. Bishop ɗin Roma bai zo ba saboda tsufa, limamai biyu ya turo. Sai ga sarki ya shigo cikin alkyabbar shunayya da zinariya, mutumin da ko baftisma ba a yi masa ba. Ya tsaya har sai da suka yi masa alama, sannan ya zauna a wata gajeriyar kujerar zinariya. Ya yi jawabi da Latin, tafinta na juyawa zuwa Girkanci, ya ce a wurinsa rabuwar kai a cikin coci ta fi kowane yaƙi muni. Na yarda da gaske yake. Amma ina ganin abin da yake kira zaman lafiya da abin da tsofaffin nan masu tabo suke kira gaskiya ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a ranar sun haɗu a hanya.

Matsalar da suka ci karo da ita ita ce, duk ayar da aka kawo daga Littafi Mai Tsarki, mutanen Ariyus sai su karɓa su fassara ta yadda ta dace da su. A ce Yesu daga Allah yake, su ce ai dukkanmu daga Allah muke. Sai aka nemo kalmar da ba za ta lanƙwasu ba, kalmar Girkanci da ba ta cikin Littafi, homo'usiyos, wato Ɗa da Uba ainihinsu ɗaya ne. Haifaffe ne, ba halitacce ba. Wani bishop da ke wurin ya rubuta wa mutanen garinsa cewa sarki da kansa ne ya matsa a sa kalmar. Kowa ya sa hannu sai mutum biyu, Sekundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya, aka kore su daga ƙasa tare da Ariyus. Aka kuma tsayar da maganar lissafin ranar Ista, aka kafa dokoki 20 na tafiyar da coci, sarki ya yi musu liyafa, kowa ya kama hanyar gida.

Muna zaune a wata rumfar shayi a bakin ruwa nake ba Alhaji wannan labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofi ya ce, "Malam, kada ka ji haushina. Ashe ke nan sarki ne ya rubuta muku aƙida?"

Ban ji haushi ba, domin tambayar da ta kawo ni garin ke nan. Na ce masa da aƙidar ta sarki ce, da ta mutu ranar da sarki ya sake shawara, kuma bai daɗe ba ya sake. Cikin shekara uku ya dawo da Yusibiyus na Nikomidiya, babban mai goyon bayan Ariyus, daga inda ya kore shi bayan taron. A 335 ya kori Atanasiyus, wanda ya zo Nikiya yana matashin dikon ya kuma gaji kujerar Iskandariyya a 328, ya tura shi can Tiriya a ƙasar Jamus ta yau. Ƙarar da ta ci Atanasiyus ba ta tauhidi ba ce. Cewa aka yi ya yi barazanar hana jiragen alkama tashi daga Iskandariyya zuwa sabon babban birni, Kustantiniyya, wato Santambul ta yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ke hana sarki barci. Da ajali ya zo masa a 337, yana shirin fita yaƙi da Farisa, Yusibiyus ɗin nan ne ya yi masa baftisma. Ɗansa Kustantiyus ya shafe mulkinsa yana kiran taro bayan taro don a samo kalmar da za ta maye gurbin ta Nikiya, saboda shi ma haɗin kai yake nema, ga Farisa a gaba ga masu tawaye a baya. Sau biyar ana korar Atanasiyus, a hannun sarakuna huɗu. Wani lokaci a hamada yake ɓuya wurin masu zaman zuhudu, talakawan Masar suna rufa masa asiri. Su ne suka riƙe kalmar sa'ad da fada ta sake ta.

Amma na ƙara masa da abin da ba ya mini daɗin faɗa. A 378 mayaƙan ƙabilar Gotawa suka ragargaza rundunar Rumawa a Adiriyanobul, Edirne ta yau, sarki Balens ya mutu a fagen fama. Janar ɗin da aka ɗauko ya ceci gabas, Tiyodosiyus, mabiyin Nikiya ne. Shi ya kira taron Kustantiniyya a 381, mai bishop 150, inda aka tabbatar da shaidar aka faɗaɗa sashen Ruhu Mai Tsarki, kuma wannan sigar ce muke karantawa yau. Shi ya ƙwace coci-coci daga hannun ɗaya ɓangaren da ƙarfin doka. Ni na gaskata abin da shaidar ta ƙunsa, a kansa zan mutu. Sai dai ba zan iya wanke hannun hukuma daga tarihinta ba, kuma korar mutum daga ƙasarsa saboda abin da ya gaskata ba ta zama daidai don wanda aka kora ya yi kuskure.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Mu ma mun ga irin wannan." Ya kawo mini fitinar halittar Alƙur'ani, yadda Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su amsa ra'ayinsa, yadda aka yi wa Imamu Ahmad ɗan Hambali bulala a zamanin Mu'utasim bai janye ba, har Mutawakkil ya zo ya kashe maganar. Na ce masa ai Ma'amun ma yana bakin daga ne, a yaƙi da Rumawan nan, lokacin da ya aika da umarnin a 833, kuma a shekarar ya rasu kusa da Tarsus. Bambancin da ke tsakanina da Alhaji game da Yesu Almasihu yana nan daram, ba wanda ya ɓoye nasa. Amma a rumfar nan mun fahimci juna fiye da duk shekarun da muka yi katanga ɗaya.

Azahar ta same mu a tsakiyar gari, inda titunan biyu suka haɗu, a Ayasofiya ta Iznik. Coci ne a da, a cikinsa aka yi taro na biyu na Nikiya a 787, wanda sarauniya Airin ta kira don a dawo da hotunan tsarkaka bayan shekaru sittin ana rikici a kansu. Orhan, sarkin Usmaniyawa, ya mai da shi masallaci a 1331, ya daɗe a kango, aka gyara, aka sake buɗe shi ga masu salla a 2011. Alhaji ya cire takalmi ya hau shimfiɗa. Ni na zagaya ta gefen da aka bar wa baƙi, na tsaya gaban matakalar dutse mai siffar rabin da'ira inda limamai ke zama a da. A jikin wani bango, ƙasa-ƙasa, akwai dusasshen zanen Yesu da Maryamu da Yahaya. Ina jin kabbarar liman ina kallon zanen. Na yi tawa addu'ar a zuci, muka fito tare.

Kan hanyar dawowa, da fitilun Kadikoy suka bayyana, na tuna cewa can ne Kalsidon, inda aka yi wani babban taron coci. Taron 451 ma a Nikiya aka fara kiransa, sai sarki Markiyan ya matso da shi kusa da fada domin mayaƙan Hun suna barazana, ba ya son yin nisa. A can aka ce Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka. Kibɗawan Masar suka ƙi wannan lafazi, cocin Habasha da na Armeniya da wani sashe na Siriya suka bi sahunsu, har yau ba a koma ɗaki ɗaya ba. Sarakunan baya sun yi ta ƙirƙiro lafazin sulhu duk lokacin da yaƙi ya matso, sarki Hirakal ma ya gwada nasa a 638, bai gamsar da kowa ba, Masar kuma ta fita daga hannunsu bayan 'yan shekaru.

Na ɗauka na gama. Amma ranar da za mu taso, jirginmu na dare ne, sai Alhaji da kansa ya ce mu je mu ga ganuwar da Sultan Muhammadu Alfatih ya fasa. Muka sauka wajen Edirnekapi muka bi gindinta da ƙafa. A wasu wurare mutane na noman ganye a cikin tsohon gwalalo.

Shi yana tunanin saurayi ɗan shekara 21 da ya ci birnin. Ni ina tunanin wanda ke ciki, Kustantin na goma sha ɗaya, mai sunan wanda ya gina birnin. Daularsa ta ƙanƙance ta koma kusan birnin kaɗai. Taimako ɗaya ne ya rage, daga yamma, kuma Fafaroma ya sa masa farashi: sai cocin gabas ya haɗe da na Roma. Yayansa Yohana na takwas ya riga ya je Fulorans ta Italiya ya amince a 1439, har da ƙarin da Latinawa suka yi wa Shaidar Nikiya, cewa Ruhu Mai Tsarki yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa, alhali asalin rubutun daga Uba kawai ya ce. Bishop ɗin Afisa, Markus, ya ƙi sa hannu, kuma jama'ar birni shi suka bi. Ranar 12 ga Disamba 1452 aka yi shelar haɗewar a babbar Ayasofiya ta birnin, sarki na zaune. Wakilin Fafaroma maharba 200 ya zo da su. Daga ranar yawancin mutanen birni suka ƙaurace wa cocin da ya fi kowane daraja a wurinsu. Rundunar jiragen da aka yi ta hange a teku ba ta iso ba. Wani jarumin Jenowa ta Italiya dai, Justiniyani, ya kawo mutum 700 bisa raɗin kansa.

Na tausaya wa wannan sarki fiye da yadda na zata. Bai yi abin da ya yi don son zuciya ba, rayukan mutanensa yake son fansa, kuma abin da ya rage masa na sayarwa ke nan. Kuskurensa shi ne abin ba nasa ba ne. Abin da yake nasa, wato ransa, bai yi rowarsa ba. An ba shi damar ya fita lafiya ya bar birnin, ya ƙi. An fara kewaye ranar 6 ga Afrilu 1453. Daren 28 ga Mayu, masu goyon bayan haɗewa da masu ƙinta suka taru a Ayasofiya suka yi addu'a tare. Da gari ya waye ganuwa ta faɗi, shi kuma a cikin masu faɗa aka yi masa ganin ƙarshe. A farkon 1454 Sultan ya naɗa sabon shugaban cocin Girkawa, ya zaɓi Jinadiyus, jagoran waɗanda suka ƙi haɗewa da Roma, domin shi ma ya san amfanin coci da ba ya kallon yamma.

Wayar Alhaji ta yi ƙara, masu kago ne ke neman ya zo ya sa hannu a takardar kaya. Muka juya.

Lahadin farko bayan dawowata na tsaya a layin da na saba, aka fara Shaidar Bangaskiya. Da muka zo kan haifaffe ne, ba halitacce ba, tafkin nan da itatuwan zaitun suka tsaya mini a ido, da tsofaffi masu ido ɗaya. Muka ci gaba har sashen Ruhu Mai Tsarki, na ji bakina ya ce daga Uba da Ɗa, kamar yadda masu mishan daga Ingila suka koya wa kakanninmu. Ƙarin nan ne mutanen bayan ganuwa suka ƙi furtawa, abokan gaba na ƙofa. Na faɗe shi tare da jama'a. Da aka tashi na tara yaran da nake koya wa karatun Lahadi a gindin bishiya, na buɗe taswira, na sa yatsa a gabashin wani ɗan tafki.